Bulus Ya San Dokar Roma: Martani Kan Darasin Gwamnati a Makarantun Coci

Maƙalar da wani dattijo a harkar makarantun coci ya rubuta kwanan baya ta zaga hannun malamai da fastoci da dama, har an fara kafa hujja da ita a tarukan iyaye da malamai. Abin da ya nema a fili yake. Ya ce darasin Gwamnati da na sanin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa, yadda hukuma ta tsara su, busassu ne, an fitar da Allah daga cikinsu, saboda haka ba za su gyara yaro ba. Shawararsa ita ce makarantun ikkilisiya su taƙaita su zuwa ɗan abin da zai ishi yaro tsallake jarabawa, sauran lokacin kuma a cike shi da littattafan da makarantun Kirista na Amurka suke amfani da su. Burinsa shi ne a raini zuriyar da za ta tashi da sanin cewa ƙasa ba ta gyaruwa sai an ɗora mulkinta a kan Kalmar Allah, kuma masu bi ne suke riƙe da ragamarsa.

Ni Kirista ne, kuma darasin Gwamnati nake koyarwa a sakandare. Malam mai maƙalar ya girme ni a shekaru da kuma aiki, ina ganin girmansa. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina ganin shawarar nan, in aka bi ta, yaran da yake son ya kare su ne za su fara cutuwa da ita.

Akwai inda ya yi gaskiya. Yadda ake koyar da darasin ɗan ƙasa a makarantu da yawa abin baƙin ciki ne. Malami ya cika allo da jerin kyawawan halaye, gaskiya da riƙon amana da haƙuri da kishin ƙasa, yara su kwafa, su haddace, su zuba a takardar WAEC, shi ke nan. Yaron da ya ci wannan jarabawa da kyau yakan fita ya ga ana raba kuɗi a layin zaɓe, ya miƙa hannu ba tare da zuciyarsa ta ko motsa ba. Haka kuma ya yi gaskiya da ya ce babu malamin da yake ajiye imaninsa a bakin ƙofa kafin ya shiga aji. Ni ma ba na ajiyewa. Inda muka rabu shi ne maganin.

Bari in fara tuna wa Malam abin da bai daɗe da faruwa ba. Manhajar ilimin matakin farko da hukumar NERDC ta sake wa fasali, aka fara aiki da ita a 2014, ta tattara darasin addinin Kirista, da na addinin Musulunci, da darasin ɗan ƙasa, da na zamantakewa, da na tsaro, ta sa su ƙarƙashin inuwa ɗaya. A 2017 ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta tashi tsaye ta ce ba ta yarda ba, aka yi ta kai ruwa rana, har gwamnati ta ba da umarnin a raba darussan addini su tsaya da ƙafafunsu. Hujjarmu a lokacin ita ce, in aka cakuɗa addini da darasin da ya zama dole a kan kowane yaro, to wata rana za a tilasta wa ɗan wani ya koyi abin da iyayensa ba su yarda da shi ba. Hujjar nan tana nan da ƙarfinta. Ba zai yiwu mu ƙi cakuɗawar sa'ad da wani ne yake riƙe da ludayin, mu kuma so ta sa'ad da ya dawo hannunmu ba.

Malam ya dogara ƙwarai da sura ta 13 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda manzon ya yi magana a kan biyayya ga mahukunta. To, mu dubi mutumin da ya rubuta wasiƙar, mu ga yadda shi kansa ya yi hulɗa da hukuma. A Filibi an yi wa Bulus da Sila bulala a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye. Bulus ya ƙi fita. Ya ce su 'yan ƙasar Roma ne, an dake su ba bisa doka ba, sai dai mahukuntan su zo da kansu su fitar da su. Suka kuwa zo, suna ba da haƙuri. A Urushalima, an riga an ɗaure shi za a tsala masa bulala, ya tambayi jarumin sojan da ke tsaye ko doka ta ba su ikon dukan ɗan ƙasar Roma da ba a yanke wa hukunci ba. Nan take aka janye. A gaban gwamna Festus, da ya ga ana shirin miƙa shi ga masu neman ransa, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar, gwamna kuma ba shi da yadda zai yi sai ya aika da shi Roma. Duk wannan yana cikin Ayyukan Manzanni, sura ta 16 da ta 22 da ta 25.

Kaisar ɗin nan Nero ne. Dokar da Bulus ya riƙa kafa hujja da ita, masu bautar gumaka ne suka rubuta ta, babu sunan Allah na gaskiya a cikinta ko sau ɗaya. Duk da haka ya san ta ciki da bai, ya san inda ikon soja ya tsaya, ya san kotun da ke sama da kotu. Bai jira Roma ta tuba kafin ya koyi dokarta ba. In har akwai abin da za a kira hangen Kirista game da darasin Gwamnati, to daga nan ya fara: mai bi ya san dokar ƙasar da yake zaune a ciki, sani na haƙiƙa, har ya iya tsayawa da ita gaban mai bulala.

Yanzu a zo ajinmu. Nakan tambayi 'yan aji biyu na babbar sakandare, in 'yan sanda suka kama yayanku, kwana nawa doka ta yarda su riƙe shi kafin su kai shi kotu? Sai aji ya yi tsit. Wani ya ce mako guda, wata ta ce sai ranar da aka biya kuɗin beli. Yaran nan fa za su iya jero maka littattafan Sabon Alkawari daga Matiyu zuwa Wahayi ba tare da sun numfasa ba. Sai in buɗe kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 35, in miƙa wa ɗaya ya karanta da bakinsa, mu fassara tare: kwana ɗaya in akwai kotun da ta cancanta a cikin tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai fa in kotu ta ga dalilin ƙari. Ka ga fuskokinsu a lokacin. Kusan kowannensu yana da wani nasa da ya taɓa yin makonni a tsare, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa akwai takardar da ta hana. Wannan shi ne darasin da Malam ya kira busasshe, yake so a taƙaita. Ni kuwa ina ganin abin da ya bushe shi ne koyarwar. Abin da ke cikin kundin kam ya shafi wuyan kowa.

Ga Kiristan Arewa musamman, batun ya wuce na jarabawa. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na hukuma. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi da na yaɗa shi. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa ko inda ya fito. Duk koken da muka daɗe muna yi, na rashin malaman addinin Kirista a wasu makarantun gwamnati, na wahalar samun takardar filin majami'a, na yaron da ake jinkirta wa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma don sunansa Bitrus ko Ladi, a kan waɗannan sassa muke tsayawa mu yi shi. Ba mu da wata takarda da mu da maƙwabtanmu Musulmi muka haɗu a kanta, wadda alƙali zai saurara ko wane ne shi, in ba ita ba.

Kuma waɗannan haƙƙoƙi ba daga sama suka faɗo ba. A 1957 Turawa suka kafa kwamitin Willink ya saurari fargabar ƙananan ƙabilu kafin 'yancin kai. Mutanen tsakiyar ƙasa da wakilan Kiristocin Arewa na cikin waɗanda suka kai kuka. Kwamitin bai ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi ba, amma rahotonsa na 1958 ya nemi a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta su cikin na 1960. Kakanninmu na cikin waɗanda suka roƙi wannan garkuwa. Yaya za mu koya wa jikokinsu cewa abin banza ne don ba a ɗauko shi daga aya ba?

Sai babban abin da ya fi damuna a maƙalar, wato cewa ƙasa za ta gyaru ne in masu bi suka riƙe mulki suka ɗora shi a kan Nassi. Malam ya dubi inda muke zaune. In ƙa'idar ita ce addinin wanda ya fi ƙarfi shi ne zai tsara hukuma, to a Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara ba mu ne muka fi yawa ba. Mun ga yadda hankula suka tashi bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, wasu jihohi 11 suka bi wannan hanya, muka ga jinin da ya zuba a Kaduna a watan Fabrairun 2000, na Musulmi da na Kirista. A wancan lokaci shugabanninmu sashe na 10 suka riƙa ɗagawa. Yaron da aka raina a kan cewa wannan sashe rashin tsoron Allah ne, da wane baki zai kafa hujja da shi gobe? Haka kuma Musulmin da ke zaune a Inugu ko Fatakwal, wanda shi ma ɗan tsiraru ne a can, wannan sashe ne yake kare masallacinsa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

An ma gwada abin da Malam yake buri a wasu wurare, ya kamata ɗalibanmu su san yadda aka ƙare. A Afirka ta Kudu, gwamnatin wariyar launin fata da ta hau mulki a 1948 ta gina makarantun fararen fata a kan wata aƙida da ta kira ilimin Kirista na ƙasa, babbar cocinsu ta Dutch Reformed kuma ta daɗe tana samar wa wariyar hujja daga Littafi Mai Tsarki. Waɗanda suka yaƙe ta, irin su Desmond Tutu da malaman tauhidin da suka fitar da takardar Kairos a 1985, su ma Kiristoci ne, kuma cikin abin da suka soka har da yadda hukuma ta mai da Romawa 13 bulalar tilasta biyayya. Littafi ɗaya, ɓangare biyu. Saboda haka duk wanda ya ce zai koyar da mulki ta fuskar Kirista, dole a tambaye shi, wace fuskar? A Zambiya kuma shugaba Frederick Chiluba ya ayyana ƙasar a matsayin ƙasar Kirista a Disambar 1991, aka sa hakan cikin gabatarwar tsarin mulkinsu a 1996. A 2007 wata babbar kotu a Landan ta same shi da alhakin karkatar da kuɗin ƙasa kimanin dala miliyan 46, ko da yake kotun Lusaka ta wanke shi daga tuhumar laifi a 2009. Ko ma dai yaya aka ɗauki shari'ar, ayyanawar ba ta sa an daina bukatar kotu da mai binciken kuɗi ba.

Batun littattafan Amurka ba sai na daɗe a kansa ba. Kamfanoni irin su Abeka da ACE sun rubuta nasu ne don yaron Amurka, cikin rigimar Amurka, wadda ta ƙara zafi bayan kotun ƙolinsu ta hana addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki na hukuma a makarantun gwamnati a 1962 da 1963. Gaskiya ne tsarin shugaban ƙasa da muke bi tun 1979 daga can muka aro shi. Amma ba a cikin waɗancan littattafai yaro zai koyi cewa a nan ba ka zama shugaban ƙasa da rinjayen ƙuri'a kawai, sai ka samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi ba. Ba a can zai koyi cewa doka ta hana jam'iyya ɗaukar suna ko tambari na addini ko na ƙabila ba, ko dalilin da ya sa aka yi tsarin raba daidai a muƙaman tarayya. Waɗannan ƙa'idoji daga yaƙin basasa da raunukanmu aka haife su, an yi su ne don kada wani ɓangare ya iya mulki shi kaɗai. Ga kuma tsadar dala, a makarantun da malami ke shafe wata biyu yana jiran albashi.

Akwai wani yaro da maƙalar ba ta ambata ba ko sau ɗaya, shi ne ɗan Musulmin da ke zaune a ajinmu. Makarantun mishan sun daɗe suna karɓar 'ya'yan Musulmi, iyayen kuma suna kawo su ne bisa amana. Tsarin mulki ya ba ikkilisiya dama ta koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyinta, wannan ba a ja da shi. Amma sashen nan na 38 ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. In lokacin darasin addini ya yi, ana iya raba aji. Darasin ɗan ƙasa kuwa shi ne wuri guda da Hauwa'u da Rifkatu za su zauna a benci ɗaya su yi gardama a kan abin da ya haɗa su. In aka mai da shi wa'azi, ko dai mu ci amanar iyayen Hauwa'u, ko kuma su janye ta, mu rasa wannan benci. A garuruwan da unguwanni suka riga suka rabu, Musulmi a wannan gefen kogi, Kirista a wancan, ban san wurare nawa suka rage irinsa ba.

Tarihinmu ma ba ta hanyar Malam ya bi ba. Dakta Barau Dikko, ɗan Wusasa, Kirista, likita na farko daga Arewa, shi ne aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, a cikin taron da mafi yawansa Musulmi ne. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje a gwamnatin Shehu Shagari. Mutanen nan mishan ce ta raine su, ba su ɓoye imaninsu ba, amma an yarda da su ne don sun iya aikin da kowa yake bukata, sun kuma san yadda ake zama da jama'a. Irin shawarar da annabi Irmiya ya ba Yahudawan da ke bauta a Babila ke nan, cewa su nemi alherin garin da suke ciki, domin nasu alherin a ɗaure yake da shi.

To ina imanin malami zai shiga? Zan nuna yadda nake yi, don kada a ce na rushe ban gina ba. In na zo kan batun ƙasa da mallaka, nakan ba da labarin gonar inabin Nabot, daga sura ta 21 ta littafin Sarakuna na Ɗaya, a matsayin labari da kowa zai iya aunawa da hankalinsa, ba tare da na nemi kowa ya yi imani da komai ba. Sarki Ahab yana son gonar talaka da ke jikin fadarsa. Ya yi tayin kuɗi ko musanya, Nabot ya ƙi, ya ce gadon kakanninsa ne. Yezebel matar sarki ta rubuta wasiƙu da hatimin sarki zuwa ga dattawan gari. Aka yi shelar azumi, aka kawo shaidun zur biyu suka ce ya zagi Allah da sarki, aka jefe shi har ya mutu, sarki ya shiga gona. Daga nan sai in raba aji, in ce su nemo a kundin tsarin mulki kowane wuri da aka taka doka. Su gano sashe na 33 kan rai, da na 36 kan sauraron kowane ɓangare da ɗaukar mutum marar laifi har sai an tabbatar, da na 44 kan biyan diyya in hukuma ta karɓi dukiya. Sai mu zo kan dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filaye a hannun gwamna bisa amana, mu tambayi abin da ake nufi da amfanin jama'a, da wanda zai hana gwamna in ya fake da shi ya ba abokinsa fili. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Malam, ai dattawan nan sun fi Yezebel laifi, su ne suka san Nabot tun yana yaro. Muka cinye sauran lokacin a kan ma'aikacin da aka ba umarnin zalunci, da abin da ya kamata ya yi.

A lura da abu ɗaya a labarin. Ya faru ne a ƙasar da ke da Shari'ar Allah a rubuce, aka kuma aikata kisan da sunan kare martabar Allah, da azumi a baki. Abin da aka rasa a Yezreyel, garin Nabot, shi ne mai cewa a'a, sai da annabi Iliya ya zo. Koyarwar Kirista cewa kowane mutum mai zunubi ne, har da sarki, har da fasto, har da ni, ita ce babbar hujjar da nake da ita ta raba iko gida uku, da sa wa'adi ga mai mulki, da barin 'yan jarida su yi tambaya. Imanina ne yake sa in ɗauki waɗannan abubuwa da muhimmanci, in koyar da su da zafi. Abokin aikina Musulmi yana isowa wuri guda ta tasa hanyar, da labarin adalcin Umar ɗan Haɗɗabi da abin da malaman Sakkwato suka rubuta kan haƙƙin talakawa a kan sarakuna, kuma ɗalibai suna ƙaruwa da jin mu duka biyu.

Ina roƙon Malam da masu makarantun da suka karɓi shawararsa su karkatar da kuɗin littattafan nan zuwa abin da ya fi kusa. A saya wa kowane aji kofen tsarin mulki da yara za su taɓa da hannunsu. A kai 'yan babbar sakandare kotun majistare su ga yadda ake ba da beli, a kai su zauren majalisar jiha ranar da ake muhawarar kasafin kuɗi. A koya musu rubuta takardar neman bayani bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, su tambayi ƙaramar hukumarsu nawa ta karɓa, musamman tun da kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. A gaya musu cewa tun gyaran 2018 mai shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai, kuma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Darasin addini kuma a ba shi cikakken lokacinsa da ƙwararren malaminsa, kamar yadda muka nema a 2017.